Denge: abin da bairos ɗin ke yi wa garkuwar jiki, da dalilin da ya sa haɗarin ke zuwa bayan zazzaɓi ya sauka

A mafi yawan cututtukan da muka sani a Bauchi, saukar zazzaɓi albishir ne. Mai maleriya ya yi gumi, jikinsa ya huce, sai 'yan gida su ce alhamdulillahi, a dama masa kunu. Zazzaɓin denge ba ya bin wannan tsari. Mutum zai yi kwanaki yana fama da zafin jiki mai tsanani, da ciwon kai, da ciwo a bayan idanu, da ciwon gaɓoɓi, sannan tsakanin kwana na uku da na bakwai zafin ya sauka. Ga yawancin mutane daga nan sai murmurewa. Amma ga wasu 'yan kaɗan, cikin awa 24 zuwa 48 da suka biyo baya ne ruwan jini ke fara tsattsafowa daga jijiyoyi yana taruwa a ciki da ƙirji, bugun jini ya yi rauni, hannuwa da ƙafafu su yi sanyi. Abin da ya daɗe yana ɗaure wa likitoci kai shi ne, a daidai wannan lokaci bairos ɗin ya riga ya fara ɓacewa daga jini. To idan cutar tana kan hanyar fita, me ke kayar da mara lafiya?

Tambayar ta shafe mu kai tsaye. Tun a shekarun 1960 aka gano bairos ɗin denge a jinin masu zazzaɓi a Ibadan. A watan Nuwamban 2023 hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, NCDC, ta tabbatar da ɓullarsa a jihar Sakkwato, inda gwaji ya nuna mutum 13 sun kamu. A shekarar ta 2023 ya kashe mutum sama da 700 a Burkina Faso, a 2024 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta samu rahoton mutum fiye da miliyan 14 da suka kamu a faɗin duniya, adadin da ba a taɓa gani ba. Mu a nan ba mu manta da shawarar da ta ɓulla a ƙaramar hukumar Alkaleri a 2019 ba, wadda aka danganta da dajin Yankari. Bairos ɗin shawara da na denge 'yan gida ɗaya ne, kuma sauro dangin Aedes ne ke yaɗa su. Wanda ya fi yaɗa denge a birane, Aedes aegypti, mai zane-zanen fari a ƙafafu, da rana yake cizo, musamman da hantsi da kuma yamma liƙis. Bai damu da kwata ba, ruwa mai kyau da ya kwanta yake nema: randar da aka bari a buɗe, duro, jarkar da aka ajiye saboda ba a san ranar da famfo zai kawo ruwan madatsar Gubi ba, tsofaffin tayoyin da ruwan damina ya taru a cikinsu a wajen masu faci.

Kafin a fahimci abin da bairos ɗin ke yi, sai an san abu ɗaya game da sel, wato ƙananan ƙwayoyin da aka gina jikin mutum da su. Kusan kowane sel yana ɗauke da ƙwayoyin gado wajen 20,000 a cibiyarsa, amma ba dukansu ke aiki a lokaci guda ba. Wasu a kunne suke, wasu a kashe. Idan sel yana bukatar wani furotin, sai ya kunna ƙwayar gadon da ke ɗauke da bayaninsa, ya kwafo bayanin a wani ɗan saƙo na RNA, a fito da saƙon daga cibiya a haɗa furotin ɗin da shi. Masu bincike a yau suna iya ɗebo jini su ƙirga waɗannan saƙonni ɗaya bayan ɗaya, su san waɗanne ƙwayoyin gado ne suka farka, waɗanne suka yi shiru. Da wannan ƙidaya aka gano yawancin abin da zan faɗa.

Shi bairos ɗin denge ɗan mitsitsi ne. Gadonsa zare ɗaya ne na RNA mai haruffa kusan 11,000, alhali na mutum ya kai biliyan 3. Furotin goma kacal yake yi. Uku daga ciki jikinsa ne, sauran bakwai ɗin, da ake kira NS1, NS2A, NS2B, NS3, NS4A, NS4B da NS5, su ne kayan aikinsa a cikin sel. Idan sauro ya tofa shi a fata, sai ya shiga sel-sel ɗin garkuwa da ke sintiri a wurin, waɗanda aikinsu shi ne kama baƙon abu su kai rahoto. Su ne ke ɗaukarsa zuwa kaluluwa, daga can ya shiga jini ya ci gaba da hayayyafa a cikin fararen ƙwayoyin jini irin su monosayit.

Sel ba ya zama a banza. A cikinsa akwai furotin biyu, RIG-I da MDA5, da ke gane RNA ɗin da ba na gida ba. Da sun cafke shi sai su isar da labari ga wani furotin mai suna MAVS da ke maƙale a jikin maitokondiriya, wato sashen da ke samar wa sel kuzari, daga nan labarin ya bi hannu zuwa hannu har ya kai ga IRF3, wanda ke shiga cibiya ya kunna ƙwayar gadon intaferon. Alick Isaacs da Jean Lindenmann ne suka gano intaferon a Landan a 1957. Aikinsa shi ne fita daga sel ɗin da ya kamu ya sanar da na kewaye. Duk sel ɗin da ya karɓi sanarwar sai ya tayar da wasu furotin biyu, STAT1 da STAT2, su haɗu da na uku, IRF9, su shiga cibiya su kunna ƙwayoyin gado ɗaruruwa a lokaci guda. Wasunsu, kamar OAS, suna jawo a daddatsa RNA. Wasu, kamar IFIT1, suna hana a karanta saƙon bairos. Wasu suna sa bangon sel ya yi wuyar shiga. Har zafin jiki da ciwon tsoka na kwanakin farko, da yawansa daga wannan martani yake fitowa. Waɗanda aka yi wa allurar intaferon a da saboda ciwon hanta sun san haka, don zazzaɓi da ciwon jiki ke biyo bayan allurar.

Wani gwaji da aka wallafa a shekarar 2000 ya nuna inda gizo ke saƙa. Idan aka zuba wa sel intaferon kafin a sa masa denge, bairos ɗin ba ya iya kataɓus. Idan aka bari ya shiga ya yi 'yan awanni sannan aka zuba, aikin intaferon ɗin ya ragu ƙwarai. Wato duk rigimar ta lokaci ce, wa zai riga wani.

Kwatanta bairos ɗin da ɓarawon da ya shiga gida cikin dare a unguwa. Abu na farko, ya laɓe don kada a gan shi. Idan an gan shi, ya toshe bakin mai gida kada ya yi ihu. Idan maƙwabta sun yi ihun daga waje, ya toshe kunnen na cikin gida kada su ji. Denge yana yin duka ukun, da furotin bakwai ɗin nan.

Wajen laɓewa, yana lanƙwasa tantanin da ke cikin sel ya yi ƙananan aljihuna, a ciki yake kwafar gadonsa inda RIG-I da MDA5 ba sa kaiwa. NS5 kuma yana ɗora wa kan RNA ɗinsa wata alama irin wadda saƙonnin sel ke ɗauke da ita, har IFIT1 ya ɗauka na gida ne ya ƙyale shi. Wajen toshe baki, NS3 yana riƙe furotin ɗin da ke raka RIG-I zuwa maitokondiriya, sai labarin ya maƙale a hanya. Akwai ma abin da ya fi wannan ban mamaki. Shigar denge tana jikkata maitokondiriya har DNA ɗinta, wato zaren gadonta, ya zubo, kuma sel yana da wani mai gano DNA ɗin da ya fita daga muhallinsa, sunansa cGAS, wanda ke aiki tare da STING wajen kunna intaferon. Denge ba shi da DNA ko kaɗan, amma ya tanadi maganin wannan hanyar ma: NS2B yana sa a lalata cGAS, NS2B da NS3 kuma idan suka haɗu sai su yanke STING gida biyu. Bairos ɗin da ke share sawun ɓarnar da shi kansa ya jawo, wannan ya nuna tsawon zamanin da ya yi yana zama a jikin mutum da birai.

Wajen toshe kunne ne aikin ya fi fitowa fili. NS4B yana hana STAT1 tashi. NS5 kuwa yana kama STAT2, ya jawo wani furotin na sel ɗin da ake kira UBR4, su sa a jefa STAT2 cikin injin da sel ke niƙe furotin ɗin da ya gama amfani. Cikin sa'o'i STAT2 ya ƙare a sel ɗin. Komai yawan intaferon da ke yawo a jini, sel ɗin da bairos ya zauna a ciki ba zai iya amsawa ba, ƙwayoyin gadon kariya za su zauna a kashe. NS5 bai tsaya nan ba. Yana shiga cibiyar sel da yawa, kuma masu bincike a Ajantina sun nuna a 2016 cewa yana dagula injin da ke gyara saƙonnin RNA kafin a fitar da su, har wasu saƙonnin kariya su fito a gurguje ba su yi amfani ba.

Abin lura, waɗannan makamai an ƙera su ne daidai jikinmu. NS5 ba ya iya lalata STAT2 na ɓera, almakashin NS2B da NS3 kuma ba sa yanke STING na ɓera. Shi ya sa lafiyayyen ɓera ba ya kwanciya da denge, kuma shi ya sa binciken magani ya yi ta tafiyar hawainiya: sai an cire wa ɓera hanyar intaferon tukuna cutar ke kama shi, ɓeran da aka yi wa haka kuwa ba ya wakiltar mutum sosai.

Akwai wani makamin da ba furotin ba ne. Sel yana da wani sinadari, XRN1, da ke cinye RNA daga kai zuwa gindi. Idan ya kama na denge sai ya ci ya ci, ya zo kusa da ƙarshe ya tarar da wani ƙulli da ba ya warwaruwa, ya tsaya. Guntun da ya rage ba shara ba ne. Yana manne wa furotin ɗin da ke taimaka wa RIG-I, mai suna TRIM25, da wasu da ke taimakawa wajen karanta saƙonnin kariya, ya hana su aiki. Wani bincike na 2015 ya duba nau'in denge da ya jawo annoba a Puerto Rico a 1994, ya tarar yana tara irin waɗannan guntaye fiye da tsohon nau'in da ya ture daga tsibirin. 'Yan haruffa kaɗan ne suka canza a gindin gadon bairos, amma suka isa su ba shi fifiko a kan ɗan'uwansa a tsibiri guda.

Duk da wannan wayo, idan aka ɗebi jinin mai denge a kwana biyu ko uku na farko, ƙwayoyin gadon intaferon ne za a tarar sun fi kowane tashi. Babu saɓani a nan. Sel-sel ɗin da bairos ya shiga ƙalilan ne, su ne ya rufe wa baki. Sauran da ke kewaye, waɗanda bai shiga ba, sun ji abin da ke faruwa kuma sun tashi tsaye. A jikin yawancin mutane wannan martani na kewaye ya isa ya killace cutar. Inda abin ke lalacewa shi ne idan martanin farko ya yi rauni ko ya makara. Wani bincike da aka yi a Biyetnam aka wallafa a 2007 ya gano cewa waɗanda cutar ta kai su ga faɗuwar bugun jini, saƙonnin ƙwayoyin gadon intaferon sun yi ƙasa a jininsu idan aka gwada da waɗanda cutar ba ta tsananta musu ba.

Bairos ɗin da ya samu sarari a kwanakin farko yana yawaita, kuma yana zubo NS1 cikin jini. Shi NS1 na daban ne, don sel ɗin da ya kamu yana fitar da shi waje da yawa. A 2015 da 2016 aka nuna ɓarnarsa iri biyu. Yana taɓa wani furotin mai suna TLR4 a jikin fararen ƙwayoyin jini, wanda asalin aikinsa gano dafin bakteriya ne, sai su kunna ƙwayoyin gadon kumburi. Sannan yana sa a kankare wani siririn shafi mai santsi da ke lulluɓe cikin jijiyoyin jini, wanda ke hana ruwa fita. Kafin kwana na huɗu ko na biyar hoton jini ya juya: ƙwayoyin gadon intaferon sun fara lafawa, na kumburi da na sel-sel masu yin antibodi, wato furotin ɗin da jiki ke ƙerawa don kama ƙwayar cuta, sun mamaye, sinadarai irin su TNF da IL-6 da IL-10 sun ƙaru. Bairos yana raguwa, zazzaɓi yana sauka, amma a lokacin ne martanin jiki ya kai maƙura kuma jijiyoyi suka fi rauni. Ruwa ya fita, jini ya yi kauri, ƙwayoyin da ke daskarar da jini su faɗi ƙasa. Wannan ita ce amsar da binciken ya fi karkata a kai: mai tsananin denge bai samu martani a kan kari ba, sai ya same shi a makare kuma fiye da kima.

Denge nau'i huɗu ne. Wanda ya warke daga ɗaya ya samu kariya mai ɗorewa daga wannan nau'in, amma kariyarsa daga sauran ukun ta ɗan lokaci ce. Kyuba ta ga nau'i na ɗaya a 1977 ba tare da mace-mace masu yawa ba. Da nau'i na biyu ya shigo a 1981, mutum sama da 340,000 suka kamu, 158 suka mutu, yawancinsu yara. Masanin denge ɗan Amurka, Scott Halstead, ya bayyana dalili tun shekarun 1970: tsofaffin antibodi suna kama sabon nau'in amma ba sa kashe shi, sai su zama masu yi masa jagora zuwa cikin monosayit. Abin da aka ƙara fahimta daga baya shi ne shiga ta wannan ƙofa tana danne ƙwayoyin gadon intaferon a sel ɗin tun daga farko. Binciken da aka yi shekara da shekaru kan yara a Nikaragua, wanda aka wallafa a 2017, ya nuna cewa masu matsakaicin adadin antibodi ne suka fi shiga haɗari, fiye da masu yawa da kuma waɗanda ba su da shi sam. A shekarar ta 2017 ce kamfanin da ya yi rigakafin Dengvaxia ya sanar cewa yana ƙara haɗari ga wanda bai taɓa kamuwa ba, bayan an yi wa dubban ɗaruruwan yara a Filifin. Irin wannan jagora ta antibodi ce kuma ke sa jariri ɗan wata shida zuwa tara, wanda antibodin da ya gada daga uwa ya fara raguwa, kan shiga haɗari a kamuwarsa ta farko.

Za a ji wasu na cewa denge ba ya yi wa baƙar fata illa. Maganar tana da tushe: a Kyuba an lura masu tsatson Afirka ba su cika shiga mawuyacin hali ba, kuma wani bincike na 2017 ya danganta hakan da ƙwayoyin gado biyu, OSBPL10 da RXRA, masu alaƙa da yadda sel ke sarrafa kitse. Amma raguwar haɗari daban, rashinsa daban. Waɗanda aka binne a Wagadugu da Bobo-Dioulasso a 2023 'yan Afirka ne kamar mu, kuma a ganina jingina da wannan magana ya taimaka wajen sa cutar ta daɗe ba a nemanta a asibitocin yankinmu.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke bi da zazzaɓi. Mutum ya je kemis, a ce masa maleriya ce da taifot, a haɗa masa allura da ƙwayoyi, a ƙara da diclofenac ko ibuprofen ko asfirin saboda ciwon gaɓoɓi. Ga mai denge, wanda ƙwayoyin daskarar da jininsa ke faɗuwa, waɗannan magunguna suna buɗe ƙofar zubar jini. Farasitamol ne kaɗai ake ba shi don zafi da ciwo, da ruwa mai yawa, da ruwan gishiri da sukari. Wani zai ce, tunda martanin jiki ne ya yi yawa, me zai hana a danne shi da magungunan sitiroyid? An gwada a Biyetnam, bai hana cutar tsananta ba. Maganin da ke kashe bairos ɗin kuma babu shi a kasuwa. Abin da ke ceton rai shi ne ƙarin ruwa daidai gwargwado a waɗannan awanni da jijiyoyi ke yoyo, ana auna kaurin jini da fitsari, don idan ruwan ya yi yawa shi ma huhu yake cikawa. Inda ake yin haka, mace-mace ba sa kai ɗaya cikin ɗari. Saboda haka idan gwajin maleriya bai nuna komai ba, ko an sha magani zazzaɓi bai ji ba, ranar da zafi ya sauka ita ce ranar sa ido. Ciwon ciki mai tsanani, amai ba ƙaƙƙautawa, jini a dasashi ko haɓo, kasala mai yawa ko rashin natsuwa, kowanne daga cikinsu na asibiti ne a take.

Gwaji ma lokaci yake bi. A kwanaki biyar na farko ana neman NS1 ko gadon bairos ɗin da na'urar PCR. Bayan haka sai antibodi, shi kuma yana da matsala a wajenmu, don antibodin shawara da na denge suna kama da juna, kuma yaranmu ana yi musu rigakafin shawara a wata tara. Sakamakon antibodi kaɗai yana iya ruɗar da likita.

Babbar bukatar likita ita ce ya san, tun ranar da mara lafiya ya zo, wa zai tsananta wa zai warke a gida. A 2019 masu bincike a jami'ar Stanford suka fitar da jerin ƙwayoyin gado 20 da yanayin kunnuwarsu a jini ke nuna wanda zai shiga haɗari kafin alamomi su bayyana, daga baya aka rage su zuwa takwas. Bayanan da aka gina wannan a kai na marasa lafiyan Asiya da Latin Amurka ne, kuma a Kolombiya aka jarraba shi. Jinin yaron Bauchi ya sha maleriya sau da yawa, an yi masa rigakafin shawara, wataƙila yana ɗauke da sikila, kuma kowanne daga cikin waɗannan yana taɓa yadda ƙwayoyin gadon garkuwa ke tashi. Ba daidai ba ne a ɗauko ma'aunin Kolombiya a ɗora masa ba tare da an gwada a nan ba. Asibitin koyarwa na jami'ar ATBU da ke Bauchi yana da ɗakin gwajin da ke gano zazzaɓin Lassa da PCR, kuma irin wannan na'ura ce ke gano denge har ta bambance nau'insa. Matakin farko shi ne a riƙa ware jinin masu zazzaɓin da gwajin maleriya bai kama ba, musamman daga Agusta zuwa Oktoba, a duba ko denge ne, a kuma san wane nau'i cikin huɗun ke yawo a jihar, don ranar da wani sabo ya shigo a san yawan mutanen da za su kasance a kamuwa ta biyu.